Gwaiduwar ƙwai za ta iya maye gurbin antibiyotik? Amsa ga wani mai kiwon kaji a Damagaram

Wani Alhaji da ke kiwon kajin ƙwai da shanu kaɗan a bayan garin Damagaram, kan hanyar Mirya, ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji ana faɗin cewa masana sun gano sinadaran garkuwa a cikin gwaiduwar ƙwai waɗanda ke kashe ƙwayoyin cuta, har ma za su iya maye gurbin antibiyotik. Yana so ya san ko gaskiya ne, ko zai iya bai wa jikansa mai zawo ɗanyar gwaiduwa, ko zai iya bai wa maruƙansa, da kuma ko mai kaji irinsa zai iya samar da wannan magani a gonarsa.

Alhaji, Allah ya ƙara girma. A matsayina na likitan dabbobi da ya daɗe yana aikin gwajin ƙwayoyin cuta, zan fara da maganar jikan naka, domin ita ce ba ta jira. Kada a ba shi ɗanyen ƙwai. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar Salmonella, wadda ita kanta zawo da zazzaɓi take haddasawa, kuma yaron da zawo ya riga ya raunana shi ne ya fi kasa jure mata. Abin da ke ceton yaro mai zawo shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshin da ake bayarwa a asibiti, da ƙwayar zinki ta miligiram 20 a kullum tsawon kwana 10 zuwa 14 (miligiram 10 ga wanda bai kai wata shida ba), da ci gaba da ba shi nono da abinci. Idan aka ga jini a bayan gidansa, ko idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, ko yana ta amai, a kai shi asibiti a ranar. Dafaffen ƙwai kuwa abinci ne mai gina jiki ga yaron da ya wuce wata shida, kuma camfin nan na cewa yaron da ke cin ƙwai zai tashi da sata ya hana yara da yawa wani alheri da ke cikin gidajensu.

Labarin da ka ji yana da tushe, kuma tushen ya tsufa fiye da yadda masu yaɗa shi suke zato. A shekarar 1893 wani likita Bajamushe mai suna Felix Klemperer ya yi wa kaji allura da dafin cutar tetanus mai sandare jiki, sannan ya tace gwaiduwar ƙwan da suka saka ya yi wa ɓeraye allurarta, sai ɓerayen suka tsira daga adadin dafin da ya kashe ƴan uwansu da ba a ba su ba. Kai da kake kiwo ka riga ka san dalilin ko da ba ka san sunansa ba. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai cikin akurki mai cike da ƙazanta, ba ya shan nono, jikinsa bai koyi yaƙar kowace cuta ba, amma yakan yi mako biyu zuwa uku cikin kariya. Uwar ce take kwashe sinadaran garkuwa daga jininta ta zuba su a cikin gwaiduwa lokacin da ƙwan ke haɗuwa, kamar yadda saniya ke zuba nata a cikin dakashi. A shekarar 1969 masana biyu, Leslie da Clem, suka nuna cewa wannan sinadari na tsuntsaye ya bambanta da na ɗan Adam da sauran dabbobi masu shayarwa, suka raɗa masa suna IgY. Yana nan a ƙwan zabi da na agwagwa da na kowane tsuntsu.

Dole a bambance hanyoyi biyu na samun garkuwa, domin duk amfanin IgY da duk gazawarsa daga wannan bambanci suke fitowa. Allurar rigakafi tana koya wa jiki ya ƙera makaminsa da kansa, kuma jiki yana riƙe wannan darasi shekaru. Hanya ta biyu ita ce a aro makamin da wani jiki ya riga ya ƙera. Maganin dafin maciji haka yake, daga jinin doki ake samo shi, kuma maganin da ke karya dafin mashaƙo, wanda aka yi ta nema lokacin da cutar ta ɓarke a yankin Matamai a shekarar 2023, shi ma daga jinin doki yake. Garkuwar aro tana aiki nan take, sai dai jiki ba ya koyon komai daga gare ta, kuma da an daina bayarwa kariyar ba ta daɗewa take ƙarewa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma maganar ta zauna daidai a nan.

Abin da ya sa kaza ta ja hankalin masana shi ne yawan abin da take bayarwa da kuma sauƙin karɓarsa. Gwaiduwa guda tana ɗauke da kimanin miligiram 50 zuwa 100 na IgY, kuma kazar da ke saka ƙwai kusan 300 a shekara za ta iya ba da giram 20 ko fiye, ba tare da an soke ta an ɗebi jini ba, saɓanin yadda ake yi wa doki da zomo. A shekarar 1980 Polson da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka fito da hanyar ware sinadarin daga kitsen gwaiduwa, a shekarar 1992 kuma Akita da Nakai a Kanada suka nuna cewa ruwa mai ɗan tsami kaɗai ya isa ya raba su, abin da ya rage tsadar aikin ƙwarai. A shekarar 1996 cibiyar Tarayyar Turai da ke neman hanyoyin rage wahalar da dabbobi a bincike ta ba da shawarar a riƙa amfani da ƙwai a madadin jinin dabbobi wajen samar da irin waɗannan sinadarai.

Sai dai akwai wani lissafi da masu tallar ɗanyen ƙwai ba sa faɗa. Sinadarin garkuwa kamar mabuɗi yake, ƙofa ɗaya yake buɗewa. Kazar da aka yi wa allura da gawar wata ƙwayar cuta, aka maimaita mata sau biyu ko uku tsakanin makonni, ita ce take saka ƙwan da ke yaƙar wannan ƙwayar, kuma ko a cikin nata ƙwan kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari kaɗai na IgY ne ke fuskantar cutar da aka nufa. Wato daga miligiram 100, abin da ke aiki bai wuce miligiram 10 ba idan an yi sa'a. Ƙwan da ke gonarka da wanda ake sayarwa a kasuwar Dole suna ɗauke da garkuwar abin da kazar ta gamu da shi a akurkinta da kuma alluran da aka yi mata, misali ta annobar Niyukasil da ke kwashe kaji lokacin hunturu. Wannan garkuwa tana amfanar ɗan tsako, amma ba ta san ƙwayar da ke murɗa cikin jikanka ba.

Haka kuma kalmar kisa da aka yi amfani da ita a labarin da ka ji ba ta dace sosai ba. Antibiyotik guba ne ga bakteriya, yana fasa bangonta ko ya hana ta hayayyafa. IgY kamawa yake yi. Yawancin bakteriyar da ke jawo zawo sai ta manne da bangon hanji da wasu siraran gasu da ke jikinta kafin ta zauna ta fara zuba dafi, to sinadarin yakan lulluɓe waɗannan gasu ya hana su kamawa, ya dunƙule ƙwayoyin wuri ɗaya, ya rage musu motsi, ya kuma ɗaure dafin da suka fitar, har hanji ya koro su waje. A nan ne fa'idarsa ta gaskiya take. Ba ya taɓa bakteriya masu amfani da ke zaune a hanji, waɗanda antibiyotik ke kashewa tare da masu cutarwa, kuma ƙwayar da ta gagari antibiyotik tana kamuwa da shi kamar yadda wadda ba ta gagara ba ke kamuwa, domin hanyar aikinsu ba ɗaya ba ce. Bugu da ƙari, garkuwar da kaza ke ƙerawa tana kama ƙwayar ta wurare da dama a lokaci guda, don haka yana da wuya ƙwayar ta kuɓuce da sauyi ɗaya.

Wannan fa'ida ba ƙarama ba ce a gare mu. Binciken da mujallar Lancet ta buga a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a shekarar 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yammacin Afirka kudu da Sahara ne ya fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Kusa da mu, wani bincike da aka yi a cibiyar farfaɗo da yara masu tamowa a Maraɗi, aka buga shi a shekarar 2011, ya samu kusan kashi ɗaya bisa uku na yaran suna shigowa da bakteriyar hanji da ta gagari manyan magunguna, kuma kusan duk sauran da aka sake gwadawa sun ɗauke ta kafin a sallame su. Duk wanda ya ga yadda ake sayar da kafso mai ja da rawaya a kan faranti a tashoshin mota, ƙwaya biyu ga mutum, ƙwaya ɗaya a ruwan kaji, ba zai yi mamakin waɗannan alƙaluma ba.

Iyakar IgY guda biyu ce, kuma ita ce ta hana shi zama abin da ake faɗa. Ta farko ita ce rauni. Furotin ne, zafi yana lalata shi daga kimanin digiri 70, don haka ƙwan da aka dafa ko aka soya wurin mai shayi babu sauran garkuwa mai aiki a cikinsa. Tsamin ciki ma yana lalata shi: a ma'aunin tsami na pH yana fara karyewa ƙasa da 4, alhali cikin babban mutum yakan sauka zuwa 2 ko ƙasa, kuma sinadarin narkar da abinci na fefsin yana yayyanka shi a wannan yanayi. Shi ya sa masu bincike ke naɗe shi a cikin wani rufi da ba ya narkewa sai a hanji, ko su haɗa shi da madara da abin da ke rage tsami. Iyaka ta biyu ta fi muhimmanci: idan an sha shi, ba ya ratsa bangon hanji ya shiga jini. Yana aiki ne kawai a inda zai taɓa ƙwayar cutar ido da ido, wato baki da maƙogwaro da ciki da hanji. Taifot da ta shiga jini, da sanƙarau, da ciwon huhu, da ciwon da ya ruɓe har ya kai ƙashi, duk sun fi ƙarfin isarsa, kuma jinkirta antibiyotik a kansu don jiran ƙwai ganganci ne da rai. Yi wa mutum allurarsa a jijiya kuma ba hanya ba ce da aka amince da ita, domin jikin ɗan Adam zai ɗauke shi a matsayin baƙon furotin ya yaƙe shi, balle wanda dama jikinsa ba ya karɓar ƙwai.

Idan aka duba gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, za a ga wannan iyaka tana bayyana. A Japan da Koriya ta Kudu an gwada IgY a kan Helicobacter pylori, ƙwayar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, har aka sanya shi a cikin kindirmo na sayarwa. Ma'aunin ƙarfin ƙwayar ya ragu a jikin masu sha, amma ba a kawar da ita ba, kuma har yau haɗin antibiyotik ne ke warkar da cutar. An gwada ruwan kurkure baki mai IgY a kan Streptococcus mutans, mai ruɓar da haƙori, aka ga adadinta ya ragu a yawu na ɗan lokaci. A kan kwalara, wadda ta kama mutum fiye da 5,000 a ƙasar nan ta Nijar a shekarar 2021 har da jihar Damagaram, an nuna cewa yana kare jariran ɓeraye, sai dai tsakanin ɓera da mutum akwai tafiya mai nisa.

Gwajin da ya fi ba ni darasi shi ne na Suwidin. A birnin Ufsala, likitoci irin su Hans Kollberg da Anders Larsson sun riƙa bai wa masu wata cutar gado da ke cika huhu da majina mai kauri ruwan IgY suna kurkure maƙogwaro da shi kowane dare, domin hana ƙwayar Pseudomonas aeruginosa sauka zuwa huhu. Sun bi marasa lafiya 17, wasu har shekara 12, suka ga kamuwa da ƙwayar ta yi ƙaranci, ba a kuma samu wata illa ba. A shekarar 2008 hukumar magunguna ta Turai ta sanya shi cikin jerin magungunan cututtukan da ba su da yawa, domin a sauƙaƙa ci gaba da bincikensa. Da aka zo babban gwaji a ƙasashen Turai da dama da mutum 164, aka raba su biyu ba tare da likita ko marar lafiya ya san wanda ke shan na ainihi ba, sai aka tarar babu wani bambanci bayyananne tsakanin ɓangarorin biyu. Maganin bai cutar da kowa ba, amma bai tabbatar da kansa ba. Ina kawo wannan ne domin mai sayar da garin ƙwai zai faɗa maka labarin mutum 17, ya ɓoye na mutum 164.

Maganar maruƙa ita ce inda amsata take sauyawa, domin a nan hujjar ta fi ƙarfi. A shekarar 1992 masu bincike a Japan, Ikemori da Yokoyama da abokan aikinsu, sun sa wa jariran maruƙa da ƴaƴan aladu nau'in Escherichia coli mai haddasa zawon kwanakin farko. Maruƙan da aka bai wa madara haɗe da garin gwaiduwa mai isasshiyar garkuwa sun yi ɗan zawo suka warke, waɗanda ba a ba su ba kuwa suka mutu cikin kwana uku, kuma sakamakon aladun ya yi kama da haka. Dalilin wannan nasara a fili yake: cutar a hanji take zaune, cikin jaririn maraƙi bai kai na babba tsami ba, madara tana kare sinadarin a kan hanya, kuma lokacin haɗarin gajere ne, don haka garkuwar aro ta mako ɗaya ko biyu ta wadatar. Bayan Tarayyar Turai ta hana sanya antibiyotik a abincin dabbobi don ƙara musu ƙiba a shekarar 2006, sha'awar wannan hanya ta ƙaru, kuma a Ajantina cibiyar binciken noma ta gwamnati, INTA, ta kai ga fitar da garin ƙwai na kasuwa don zawon maruƙa. Ko a dabbobin ma ya fi aiki idan an fara bayarwa kafin cutar ta kama ko a farkonta. Maraƙin da ya riga ya bushe ya kwanta ruwa da gishiri yake buƙata.

Wannan bai zama izinin fasa wa maraƙi ƙwan gonarka a baki ba. Na sha ganin makiyaya suna yin haka, kuma abin da maraƙin ke samu abinci ne kawai, tare da haɗarin Salmonella. Garkuwar da ta dace da garkenka tana cikin dakashin uwarsa, domin saniyar ta zauna a garken ta gamu da ƙwayoyin da ke wurin. Hanjin maraƙi yana iya shigar da garkuwar dakashi cikin jini ne a sa'o'in farko kaɗai, ƙofar tana raguwa da sauri har ta rufe bayan kwana ɗaya, don haka a tabbata ya sha ya ƙoshi cikin sa'a shida na farko, kada a tatse dakashin a zubar ko a raba shi da mutanen gida.

Game da samar da maganin a gonarka, kaji su ne ɓangare mafi sauƙi na aikin. Kafin a kai gare su, sai an ɗebi kashin maruƙa masu zawo a garkunan yankinmu an gano ainihin ƙwayar da ke kashe su, domin zawon maraƙi yana iya fitowa daga bakteriya ko bairos ko wasu ƙananan halittun hanji, kuma garin da aka shirya don ƙwayoyin Turai ba lallai ne ya dace da namu ba. Daga nan a raini ƙwayar a ɗakin gwaji, a kashe ta, a tabbatar ta mutu, a haɗa ta da man da ke zaburar da garkuwa, a yi wa kajin allura a tsokar ƙirji, a auna ƙarfin garkuwar a gwaiduwa bayan makonni, a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin gwaiduwar da zafin da bai wuce digiri 60 ba, sannan a busar da ita ta zama gari. Shanya ta a rana ba ta yi, domin zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 zai ruɓar da ita kafin ta bushe, amma garin da na'ura ta busar, aka rufe shi daga danshi, yana jure ajiya fiye da ruwan allura. Kada wani ya ruɗe ka ka sa wa kajinka ƙwayar cuta mai rai ko kashin dabba marar lafiya da sunan koya musu garkuwa. Mutanen Magarya sun ga abin da murar tsuntsaye ta yi wa masu kaji a shekarar 2006, kuma gonar da cuta ta shiga ba ta tsayawa a kan mai ita kaɗai.

A ganina aikin ya dace da ƙasa irin tamu, mai dabbobi da yawa da ƙarancin wutar sanyaya magani, amma na haɗin gwiwa ne tsakanin mai gona da ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa, LABOCEL, da masu bincike irin na Jami'ar André Salifou da ke nan garin, kuma da maruƙa da ƴan raguna da ƴan awaki ya kamata a fara, ba da yara ba. Abin da za ka iya farawa da shi tun yanzu littafi ne: ka riƙa rubuta ranar da aka haifi kowane maraƙi, da sa'ar da ya fara shan dakashi, da ranar da zawo ya kama shi, da maganin da aka ba shi, da yadda ya ƙare. Idan zawon yana zuwa ne a kwana huɗun farko, zargi ya fi karkata ga Escherichia coli, idan kuma a mako na biyu ne, sai a nemi bairos ɗin rota da ƴan uwansa, kuma da wannan littafin ne likitan dabbobi zai san samfurin da zai ɗauka da kuma ranar da zai zo ɗaukarsa.